Jelani da Shanyar Bayan Esi

Jelani mai wankin esi bai taɓa shan sanyin da yake kula da shi ba. Masu ofis da masu shago ke ciki a kan kujera, har wani ya ce a rage, sanyin ya yi yawa. Shi aikinsa a bayan gini yake, inda ake girke rabin injin da ke waje, wanda masu sana'ar ke kira kwandensa, mai fankar da ke feso iska mai zafi ba hutawa. Duk sanyin da ake sha a ciki, nan zafinsa ke fitowa. Nan Jelani ya yi shekara goma sha huɗu a tsugune, daga Achida zuwa Wurno, daga Rabah zuwa Goronyo, da bokiti da tiyo da burushi ɗaure a bayan babur.

A Sisawa aka haife shi, gidan manoman gero. Babansa ya so ya riƙe shi a gona, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Sau uku yana kwance rediyon gidan, sau biyu kawai ta tashi. Da aka gaji aka kai shi Sakkwato wurin Malam Yazid mai gyaran firij da esi, mutum mai faɗa da saurin hannu, ya yi shekara biyar a can. Abin da ya fi zama masa a kai ba ɗurin gas ba ne, ba kuma haɗa waya ba. Malam Yazid yakan ce in aka tambaye ka abin da ya kashe inji, ka faɗi abin da ya kashe shi ko da hannunka ne, don in ka yi ƙarya aka sayo sabo, abin da ya ci na farkon yana nan yana jiran na biyun. Jelani ya ɗauki maganar ya riƙe ta gam, fiye da yadda shi mai maganar ya riƙe ta.

Aikin ba abin kallo ba ne. Ka kashe wuta, ka sa testa ka tabbatar ta mutu, ka kwance murfi ka duba ko ƙadangare ya soye a kan wayoyi, don ba wanda ya kai su son ɗumin akwatin. Sai ka zuba ruwan omo a saƙar ƙarfen nan mai siraran haƙora da iska ke ratsawa, ka wanke daga ciki zuwa waje, ka miƙar da haƙoran da suka lanƙwashe da ɗan mataji. Ka juya fanka da yatsa ka ji ko tana kuka. In an tayar, ka dafa bututun nan biyu, babban ya yi sanyi har da raɓa, ƙaramin ya yi ɗumi. Shi ke nan, sai wani wata. Jelani ba ruwansa da kalanda, abin da ya fito daga saƙar ke gaya masa lokaci. In ɓawon albasa ne da na tafarnuwa, an cire amfanin fadama. In ƙaiƙayin gero ne, ana sussuka. In fikafikan shinge ne, ƙwarin nan masu bin fitila, ruwan farko ya sauka.

Matarsa Latifa 'yar Tungar Rimaye ce, wani ɗan ƙauye gabas da Rabah. Mace ce mai tsokana. Takan ce ita ta auri mutumin da ke fita kullum ya yi wa ƙarfe wanka, ya dawo ya fi ƙarfen datti. Shekara shida suna tare Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba su mai da abin rigima ba. Tana yi masa miyar busasshiyar kuɓewa, guro in ji mutanen yankin, ya ci da tuwon gero har ta ce ya bar wa kwano mutuncinsa.

Daminar shekara biyu da suka wuce ta tafi ƙauyensu suna. Yana Goronyo, bayan wani gidan saukar baƙi, hannunsa cikin kumfa, wayarsa ta yi ƙara. Aka ce 'yan bindiga sun shiga Tungar Rimaye da hantsi, kuma Latifa na cikin waɗanda aka rasa. Ya yi salati, ya ce to. Abin da har yau ake faɗa a Goronyo shi ne bai tashi nan take ba. Sai da ya ɗauraye saƙar, ya mayar da murfi, ya ɗaure noti huɗu ɗaya bayan ɗaya, don ba a barin inji a buɗe. Kafin ya isa an riga an kai su makwanci.

Ya yi zaman makoki kwana uku yana amsa gaisuwa. Ya jira hawaye ranar bakwai, ya jira ranar arba'in, ba su zo ba. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa, har liman ya kawo shi misali. Shi kuwa ya san ba tawakkali ba ne. Abin ne kawai bai taɓa shi ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana tsungulinta ba ta ji. Abinci ya daina yi masa daɗi, bai kuma yi masa ɗaci ba. Fura yake saye ya sha a tsaye. Rana ta huɗu ya ɗaura bokiti ya tafi Achida, don watan injunan can ya cika.

Babban aikinsa a Wurno yake, wani ɗakin ajiyar magani na wani ɗan kasuwa mazaunin Sakkwato. Kwandensa uku ne manya, jere a kan dandamalin siminti, suna aiki da janareto da sola, don maganin ciki ba ya son ɗumi ko na wuni guda. Mai kula da wurin Musaddiq ne, matashi mai gogaggiyar riga, ba mugu ba, sai dai ta ƙofar gaba yake shiga, ta nan yake fita, bai san yadda bayan gininsa yake ba. Bayan kuwa lungu ne, yana kallon wani kango da mutanen ƙauyukan da aka tasa suka raɓe a ciki.

A wannan lungun Jelani ya ga Inna Fatsuma, a farkon watan Yuli, tana zubar da kuɓewa a kwata. Ya gane ta tun daga nesa. Maƙwabciyar iyayen Latifa ce, katanga ɗaya, kuma ita aka ce ta yi wa Latifa wankan gawa. Bai taɓa tambayarta komai a kan wannan ranar ba. Ita ma ta rasa ɗanta a ranar, ta gudo Wurno da jikoki mata biyu. Sana'arta ta sayi ɗanyar kuɓewa da araha a bakin kasuwa, ta yanka, ta shanya, ta daka, ta sayar wa masu tuwo. To damina ta kankama, rana ba ta fitowa wuni biyu a jere, shanya sai ta yi baƙi ta yi fumfuna. Wannan ƙwarya ta uku ke nan da ta zubar.

Bayan sun gaisa ta gaya masa ba tare da kuka ba, yadda ake faɗin farashin gero, cewa in abin ya ci gaba haka za ta kwashi yaran ta koma Tungar Rimaye. A can ko ba komai akwai gonar ɗanta da sauran rumbu, kuma ita ba ta iya bara ba. Ba wanda bai san halin da ake ciki a can ba. Waɗanda suka koma suna noma ne da izinin mutanen daji, kuma izinin na iya ƙarewa kowace safiya.

Jelani ya dubi ƙwaryar, ya dubi fankokin nan uku da ke hura masa zafi a ƙeya. Cikin shekara biyu wannan ne abu na farko da ya yi ba tare da an sa shi ba. Ya auna taki biyu manya daga bakin fanka, ya ja layi a ƙasa da sukuddireba.

"Inna, ki riƙa kawo shi nan. Iskag ga banza taka tahiya," ya ce. "Amma daga layin ga. Kar ki matso, kar ki tare mata hanya."

Kuɓewar da ke cin kwana huɗu a rana, a wuni ɗaya da rabi ta bushe ƙarau, korenta bai ko dushe ba. Masu tuwo suka fara neman ta Inna Fatsuma da suna. Maganar komawa ƙauye ta mutu. Da Jelani ya zo wata na gaba ta tare shi da dariya da addu'a, ya amsa da amin, ya ci gaba da wankinsa. Ya san ya kamata ya ji daɗi. Ya laluba bai samu ba.

Abin alheri a kango ba ya ɓoyuwa. Mata biyu suka biyo ta, sannan huɗu, wannan da tattasai, waccan da yakuwa. Wuri ya yi kaɗan, faifai ya fara tsallake layi. Ga awaki, ga yayyafi. Sai matan suka yi abin da duk macen ƙauye mai hankali za ta yi wa shanyarta: suka samo zana suka kewaye wurin, da injunan gaba ɗaya, suka yafa tamfol a sama. Suka ga ma shanyar ta fi saurin bushewa, don zafin ba ya fita ko'ina. Maigadin wurin ya gani, amma ana kai masa miya, sai idonsa ya koma kallon titi. Sun san Asabar ɗin farkon wata Jelani ke zuwa, saboda haka ranar Juma'a da yamma sukan naɗe zanar su jingine, ba don munafunci ba, don dai kada su tare masa wurin aiki.

Wata Talata ya biyo daga Rabah ya ratso ta lungun, ya tarar da rumfa inda ya bar fili. Ya leƙa ciki, zafi ya buge shi kamar an buɗe tanda. Injunan suna shaƙar iskar da suka fitar, suna nishi. Ya yi wa Inna Fatsuma bayani a hankali, cewa injin nan numfashi yake yi, in ya shaƙi zafinsa zuciyarsa za ta ƙone, wato kwamfuresa, kuma ita ba a gyara ta. Ta saurare shi da ladabi irin na wadda ba ta son ɓata wa mai alheri, ta ce za a cire, aka kuma cire a gabansa. Amma ya ga a fuskarta ba ta ga yadda zana, abin da ke kare mutum da dabba, za ta cuci ƙarfe ba.

Da ya so, ranar zai kore su, ko ya zagaya ya gaya wa Musaddiq. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya koma zuwa kowane mako ba a kira shi ba, yana wanke garin kuɓewa da 'ya'yan tattasai da suka liƙe a saƙar. Ruwan wankin har yauƙi yake yi. Ya yi ta haka mako biyar.

A mako na shida aka yi marka, ruwa kwana uku ba ɗauke ƙafa. Jelani na Goronyo, hanya ta yanke a wani kwalbati. A Wurno matan suka dubi shanyarsu, suka dubi sama, suka mayar da zana da tamfol, har da ƙarin buhuna a toshe kafofi. Rana ta uku da azahar injin tsakiya ya yi wani gurnani ya yi shiru. Sauran biyun suka riƙe ɗakin da ƙyar, magani bai lalace ba.

Da Jelani ya iso washegari ba zana, ba faifai, an share wurin tas. Ya kwance murfi, warin ƙonannen mai ya gaya masa komai kafin ya sa mita. Musaddiq ya zagayo bayan gininsa karo na farko, yana ɗage ƙafar wando. Ya tsaya yana kallo Jelani na zuba ruwa a saƙar. Ya sunkuya ya taɓa ruwan da ke gangarowa, ya raba yatsunsa, zare ya biyo.

"Malam Jelani, mi na na wanga? Mi yak kashe shi?"

Amsoshi na nan birjik, kuma kowacce ya ɗauka za ta wuce. Yana iya cewa wutar janareto ce ta yi sama. Ko ya ce ƙadangare. Ko ya ce tsufa, inji ya yi shekara tara. Yauƙin ma in ya ce sabon sabulu ne, Musaddiq ba zai gane ba, bai taɓa wanke ko kwano ba. Can bakin kango Inna Fatsuma na tsaye da mayafi a ka, tana jin su. Jelani ya gan ta. Bai yi kokawa da zuciyarsa ba, don da ya yi, da an ce ya yi ƙoƙari. Maganar ta fito ne kawai, kamar yana karanta lambar ma'aunin gas.

"Guro na, Manaja. Da zana. Mata ka shanya nan baya, sun kewaye shi, bai samu iska ba. Ni nin nuna musu wurin."

Musaddiq ya shiga ya buga wa mai wurin waya. Ba a kori Jelani ba. Mai wurin ma cewa ya yi irin wannan ma'aikacin ake nema, mai faɗin gaskiya ko a kansa. Maigadi ya sha faɗa. Aka ce a kawo sabon kwamfuresa, a kuma yi kejin ƙarfe da raga, mai faɗi, ya cinye lungun har bakin kwata yadda ko kaza ba za ta raɓi iskar ba. Wa ya san faɗin da inji ke bukata in ba Jelani ba? Shi ya riƙe wa mai walda tef, shi ya nuna inda za a kafa ginshiƙai. Layin da ya ja da sukuddireba ya faɗa can cikin kejin. Da aka gama Musaddiq ya sa kwaɗo, ya miƙa masa makulli ɗaya.

Mako biyu matan suka gwada shanya a kan rufin kango. Ruwa bai bari ba. Masu tuwo suka koma wurin wasu. Jelani yana jin labarin a wurin mai shayi, ya ce Allah Ya kyauta, ya shanye shayinsa.

Asabar ɗin farkon wata ya zo da hantsi. Yana kwance bokiti daga babur Inna Fatsuma ta fito daga kango, da ƙunshin kaya a ka, jikokin na biye da tabarma da tukunya. A-kori-kurar da ke zuwa Rabah na jira a bakin titi, daga can kuma sai babur zuwa Tungar Rimaye. Ta sauke kayan, suka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Sisawa. Ba ɓacin rai a muryarta ko kaɗan, kuma da akwai da ya fi sauƙi.

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ƙarfen.

"Inna, makulli na wurina," ya ce. "In kin kawo da sahe, ni buɗe maki, ba wanda za shi sani."

"Bar shi aljihunka, ɗana. Mun kashe guda, ya isa. Kuma in an tambaye ka hwaɗi za ka yi. Kai ba ka iya ƙarya ba, Latifa ma ta sha gaya mani."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙullin leda, bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Busasshiyar kuɓewa ce ba a daka ba, koriya shar, ta ƙarshen da ta bushe a bakin fanka.

"Ranar da sunka zo, guro muka yanka ni da ita gindin zana," ta ce. "Naka na. Ta ce a yi shi sirara, haka kaka so. Bai samu shanya ba. Wanga sirara niy yanka shi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya gode. Ta ɗora kayanta, ta ce a yafi juna, ya ce Allah Ya yafe mana. Ya tsaya har motar ta cika, har ta tashi, har ta sha kwana. Ƙaramar jikar tana zaune a kan buhu tana rungume da tukunya.

Ya koma ya buɗe keji. Ya kashe wuta, ya sa testa, fankokin uku suka yi ta rage gudu har suka tsaya. Lungun ya yi tsit. Ya tsuguna zai ajiye ledar a gefe don kada ta jiƙe, sai ya ga ƙullin ya sassauta, ya buɗe don ya sake ɗaurewa. Ƙamshin ya taso masa.

Abin da ya jira ranar bakwai da ranar arba'in, nan ya same shi, a tsugune gaban ƙarfe, gaba ɗaya ba a hankali ba. Ya ji kewar Latifa. Ya ji kunyar notin nan huɗu. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, na hanyar da tsohuwar nan ta kama da yara biyu saboda maganar da ta fito daga bakinsa. Ya kifa goshi a jikin ragar yana kuka irin na babban mutum da bai saba ba, mai muni, ba sauti sai shessheƙa. Tiyo na kwance a ƙasa yana zubar da ruwa.

Can maigadi ya leƙo ta kusurwar gini ya ce Manaja na tambaya ko an kusa gamawa, ɗakin magani ya fara ɗumi. Jelani ya ce a ce masa yanzu. Bai tashi ba.